Garkar Inna Rabi

Bana shekara goma da rasuwar surukata, Inna Rabi, amma har yau ina jin ƙarar taɓaryar nan. Ina sabuwar amarya na ji daka da hantsi a bayan ɗaki, na fito da ƙwarya don na zaci fura ce. Ashe 'ya'yan dogonyaro take dakawa. Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "'Yar nan, wannan abincin ƙasa ne."

A shekarar tumatirin garkarmu ta Garou yana yaushi da rana tsaka, alhali ƙasa jiƙe take. Maigidana ya yi ta ƙara ruwa, abin sai gaba yake. Har ya fara zancen barin garkar ya koma dakon buhuna a kasuwar Malanville. Inna ta tsaga kara ɗaya, cikinsa ja-ja kamar tsatsa. Ta ce cutar a ƙasa take, ta saiwa take hawa. Ta sa aka tuge masu ciwon aka ƙone can nesa, aka zuba tunkuzar dogonyaro da takin da ya ruɓe sarai, aka ba albasa da masara wurin har ƙasar ta huta.

Ta kuma ajiye tulu a bakin garka, babu hauyar da za ta shiga sai an wanke ta. Maƙwabta suka riƙa tsokana: "Inna, hauya ma alwala take yi?" Ta ce, "Taku ai ta fi ku buƙata."

Yanzu injin ban ruwa ya cika bakin kogi, ruwa na kwarara daga wannan fangali zuwa wancan, yana ɗaukar abin da ya ɗauka, har da cuta. Da tana nan, na san za ta yaba sauƙin, sannan ta yi faɗa. Bana ma cutar ta leƙo mu, muka bi yadda ta koya mana har fure ya koma 'ya'ya.

Kwandon farko mukan yi mata sadaka da shi. Allah Ya ƙara mata rahama. Takwararta, autata, wadda ba ta taɓa ganinta ba, ita ta nace sai ta kama min shi zuwa ƙofar masallaci. A hanya ta tsaya tana haki, ta ce, "Umma, bana Kaka ta samu lada mai nauyi."