Mako Biyun Renita Gaddis

Shekara goma sha ɗaya Renita Gaddis ta yi tana raba wasiƙu a gabashin wani gari a jihar Alabama. Ba ta yi aure da wuri ba, sai da ta kai talatin da shida ta auri Cleon makanike, kuma tun daga ranar matan coci suke satar kallon cikinta.

Ciki bai zo ba, sai ƙullutu a nono. Likita ya ce ciwon daji ne, maganinsa kuma yana iya kashe mata ƙwan haihuwa. Dabara ɗaya ta rage: a cire ƙwan, a haɗa da maniyyin mijinta, a daskarar da ɗan tayin har ta warke. Mako biyu ya ba ta kafin a fara maganin dajin.

Kullum da safe Cleon ne ke yi mata allurar nunar da ƙwan a ciki, sai ya daɗe yana jinkiri kafin ya soka.

"Kai da kake kwance injin tirela," in ji ta, "'yar allurar nan ce ta gagare ka?"

"Tirela ba ta hararata."

A kwanakin ne kotun ƙolin Alabama ta ce ɗan tayin da aka daskarar yaro ne a idon doka. Asibitin ya tsorata, don in ɗan tayi ya lalace a hannunsu ana iya maka su a kotu. Rana ta bakwai, tana cikin motar aiki, nas ta kira ta ce an dakatar da komai.

"Zuwa yaushe?"

"Mu ma ba mu sani ba, Madam Gaddis. Ki yi haƙuri."

Renita ba ta taɓa shiga harkar siyasa ba, amma ta bi motar matan da suka tafi kai kuka majalisar jihar a Montgomery. A baranda ta tare wakilin mazaɓarsu, wanda ta daɗe tana kai wa wasiƙa har ƙofar gida.

"Renita, wa kika bar wa wasiƙunmu yau?" ya ce yana dariya.

Ta faɗa masa komai a tsaye. Dariyar ta ɗauke.

"Za mu sa ki a addu'a."

"Yallaɓai, addu'a uwata ba ta fashi. Ƙuri'arka na zo nema, kafin Litinin."

Ya ce irin wannan abu ba a yin sa da gaggawa.

Ranar Litinin mako biyun ya cika, aka fara ɗura mata maganin dajin ba a cire ƙwan ba. Da majalisa ta yi dokar da ta ba asibitoci kariya, nas ta sake kira, murya cike da murna, wai sun buɗe. Renita ta gode mata ta ajiye wayar.

Ta warke, amma gwaji ya nuna ƙwan ya tafi. Dokar kuwa ba ta taɓa hukuncin kotun ba, shi ya sa duk zaman majalisa takan ɗauki hutu ta kwashi mata huɗu a motarta zuwa Montgomery. Cleon ya kwashe kayan aikinsa ya zuba a ƙaramin ɗakin da suka yi wa fenti don jariri. Bai shawarce ta ba.