Ranar da Inna Ta Turara Mini Faifai

Edita, a shekarun da kwamfuta ta fara shigowa jami'o'inmu, ni budurwa ce mai rawar kai daga unguwar Limancin Kona, kuma ilimin kwamfutar nake karanta. Injunan sashenmu 'yan kaɗan ne, mu kuwa tuli. A takarda muke rubuta aiki, mu yi ta bin layi, layi na zuwa kanka a ɗauke wuta. Na riƙa dawowa cikin gari raina a jagule, ba na iya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya tambaye ni me ake koya mana, sai in ce ba zai gane ba. Har Inna, mahaifiyata, haka nake ce mata.

A shekarar ƙarshe na kammala aikin da sai da shi ake ba da digiri, na adana shi a faifan kwamfuta irin na lokacin, baƙi, siriri, mai laushi kamar kwali. Malaminmu ya sha cewa kowa ya yi kwafi. Ina! Wa zai sake bin wancan layin? Na kawo shi gida ina ɗagawa a tsakar gida, ina faɗa wa matan maƙwabta cewa wahalata duka tana cikin wannan abin. Suka yi ta mamaki suna juya shi a hannu. Hankalin Inna ya tashi, don a wurinmu abin da ido ya yi yawa a kansa ba a barinsa haka. Da na fita, ta ɗauko kasko ta zuba garwashi da turaren tsari, ta riƙe faifan a kan hayaƙin tana addu'a, kamar yadda take yi wa kayan jarirai.

Na dawo na tarar ya lanƙwashe. Da murmushinta ta gaya mini ta kare shi daga bakin mutane. Wallahi ban san lokacin da na ɗaga mata murya ba. Na ce ta kashe ni, na ce abin da mutum bai sani ba ya bar shi mana, a gaban matan gida. Ta ɗauki kaskonta ta shige ɗaki. Washegari injin ya ƙi karɓar faifan, na zagaya ofis-ofis kamar zautacciya, aka ce sai dai in maimaita shekara.

Na maimaita, na gama. Amma tun daga ranar, ko ɗakina Inna za ta share sai ta aiko a tambaye ni. Ranar da na kawo takardar digirin na miƙa mata, sai ta mai da hannuwanta baya, ta ce in riƙe mata ta gani daga nan, kada ta ɓata. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa takardar nan ba, kuma abin yana ci na har yau.

'Yan'uwana masu karatun zamani, ku zauna ku yi wa iyayenku bayanin abin da kuke koyo, ko sau nawa ne. Da na ce wa Inna zafi yana lalata faifan, da ta fi ni tsaronsa. Aikin na sake rubuta shi cikin shekara guda, amma hannun Inna bai sake sakewa da kayana ba.