Littafin Surukina a Bakin Injin Yanka

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ranar da na sa littafin surukina a bakin injin yanka takarda ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Har yau in na tuna sai na ja tsaki ni kaɗai, mutane su waiwayo.

Lokacin ina ɗinkin littattafai a wata maɗaba'a a unguwar masana'antu ta Jidda. Surukina mutumin Nijar ne, ya tsufa yana tafinta a tashar jiragen ruwa ta Jidda saboda Faransancinsa. Shekara shida da auren 'yarsa, amma tsakanina da shi gaisuwa ce kawai: in durƙusa, in kalli tabarma, in tashi. Bai taɓa sa ni ko ɗauko ruwa ba, kuma abin yana ci mini rai, don ina so ya san 'yarsa ba ragon miji ta aura ba.

Sai wata Litinin matata ta dawo daga gidansu a unguwar Ruwais da wani abu naɗe cikin tsohon harami.

"Baba ya ce ka yi masa akwatin kwali daidai wannan, laimar teku na neman cinye shi."

Littafi ne babba, labarin matuƙan jirgin ruwa da Faransanci, wani kyaftin ya ba shi tun yana saurayi. Guda ɗari biyu kacal aka buga, kowanne da lambarsa. Ga zanen jiragen zamanin da masu tafiya da iska, ruwan kamar ya jiƙa maka yatsa. Amma da na juya shi sai raina ya ɓaci. Shafukan a haɗe suke ta sama, ba a raba su ba, gefensu kuwa kamar akuya ta tauna. A wurinmu ka fitar da aiki haka, ranar za a sallame ka. Na ce ashe Turawan ma suna ha'inci, sun cuci dattijo.

Ya kamata in tambaya, na sani. To amma ta yaya zan ɗaga waya in kira surukina ina yi masa tambayoyi? Kunya ta hana, neman suna kuma ya tura ni. Na gama akwatin, sannan na daidaita littafin a inji, na sauke wuƙa gefe uku. Ya fito sumul, ni kuwa har da murmushi.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka kai masa. Ya shafa akwatin yana ta ma sha Allah. Da ya zaro littafin, babban yatsansa ya bi gefen, sai ya tsaya.

"Esh hada?" ya ce da Larabci. "Mene ne wannan?"

"Baba, gyara na yi. A haɗe suke, ba a gama aikin ba."

"Haka ake yin su, ya waladi, ɗana. Mai littafi ne ke buɗe su da hannunsa." Ya buɗe zanen farko. Sa hannun mai zanen, wanda ke can ƙasa da fensir, rabinsa ya tafi kwandon shara. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata siririyar wuƙar ƙashi. "Shekara talatin ina ajiye da wannan. Na ce in na bar aiki, kowace safiya in raba shafi ɗaya in karanta. Watan gobe zan bari."

Ya mayar da wuƙar ya rufe. "Halas, shi ke nan. Allah ya yi albarka, akwatin ya yi kyau."

Wallahi da mari na ya yi da ya fi mini sauƙi. A mota na huce a kan matata.

"Ke me ya hana ki gaya mini?"

"Ya shekh, akwati aka ce maka. Wa ya aike ka?"

Na yi ta faɗa har muka isa unguwarmu ta Safa: da masu sayar da littafi a liƙe, da kyaftin ɗin, da al'adar da ta ce kada in buɗe baki gaban suruki. Duk borin kunya ne, hannuna ne ya sauke wuƙar. Dattijon bai sake tada maganar ba, bai kuma sake ba ni wani aiki ba har ya koma ga Allah.

Tun daga nan, in na ga abin da nake zaton aibi ne a kayan wani, sai na tambayi mai shi, ko da surukina ne, ko da zan nutse don kunya. Tambaya minti ɗaya ce. Abin da wuƙa ta ɗauke kuwa, duk gwanintata ban iya mayar da shi ba.