Kafintan da Ya Juya Ƙofar Gidansa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayin, wanda kowa ya sani da Kafinta, a shekarar 1952 a wani ƙaramin gari na bakin kogi. Mahaifinsa mai fito ne, mahaifiyarsa ungozoma. Yana aji uku rufin makarantarsu ya rufta, aka tara yara domin gyara; sauran suka koma aji, shi ya tsaya wajen guduma.

Ƙaura da aure

A shekarar 1976 ya yi ƙaura zuwa babban birnin wata ƙasa, bai iya ko gaisuwa da harshensu ba, ya sami aiki a shagon kujeru. A 1979 ya auri wata tela 'yar garinsu, suka kama haya a ƙasan wani bene da ke kan kwana. Ƙofarsu na kallon layin kasuwa, tagar kicin na kallon wani layi mai itatuwa.

Batun makaranta

Dokar birnin ita ce layin da ƙofar mutum ke kallo shi ke zaɓa wa ɗansa makaranta. Ta layin kasuwa ta baƙi ce: benci ya yi wa yara kaɗan, malami ba ya cika shekara. Can aka sa ɗansa na fari, Babba, ya gama firamare da ƙyar yake haɗa baƙi.

Da 'yarsa ta isa shiga makaranta a 1993, ya rantse ba za ta bi sawun yayanta ba. Mai gidan ya ba shi izini bisa sharaɗin a ƙera masa kabad. Kafinta ya toshe ƙofar, ya fasa tagar kicin, ya kafa sabuwar ƙofa a wurin. Matarsa ta ce ya zautu, yanzu baƙo sai ya gaisa da tukunya kafin ya ga masu gida.

"Bari ya gaisa da tukunyar, uwar Babba," in ji shi, "yarinyar kuma ta gaisa da littafi."

Jami'in ilimi ya zo, ya kewaye gidan, ya rasa wata ƙofar, ya shigo ta gefen murhu. Aka ba shi shayi. Aka rubuta yarinyar a makarantar layin itatuwa, ƙannenta suka bi ta daga baya. Maƙwabtan da suka yi dariya suka dawo neman a fasa musu bango, amma ba kowa ke zaune a kwana ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2019 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa a maƙabartar bayan birnin. Allah ya jiƙansa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: 'yar tasa, likitar ido; mai bi mata, malamin lissafi; Auta, injiniya; sai Babba, direban bas, wanda kan ce wa ƙannensa cikin dariya su riƙa girmama shi, domin shi kaɗai ne a gidan ya fita ta ƙofar gaskiya.