Robar Ƙofar Motar Surukina

Surukina, mahaifin matata, yana da mota mai ɗaki a ciki. A Azare kaf ban san wani mai irinta ba, ban kuma ji wani yana nema ba. Da gado a cikinta, da wurin ɗora risho, da ƙofa guda a gefe wadda ake shiga kamar zaure. A gwanjo ya saye ta lokacin yana malamin dabbobi, ya yi shekaru yana yawon rugage da ita yana yi wa shanu allura. Da ya yi ritaya shanu suka huta, motar ce dai ba ta huta ba. Duk damina sai ya tafi Udubo wurin 'yan'uwansa ya yi sati biyu, kuma a cikinta yake kwana, wai gadon kowa ba ya yi masa.

Robar da ke zagaye da bakin ƙofar ta tsufa ta tsattsage, har wani ɓangaren yana lilo. A wata tafiya ruwa ya shiga ya jiƙa katifa, dattijo ya dawo da tarin da ya kwantar da shi wata guda. Babban ɗansa ya tara mu ya yanke hukunci: in ruwa ya sake shiga motar nan, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe za a kira su kwashe ta. Kowa ya san ba ƙarfe ake magana a kai ba. Ita ce kaɗai ƙafar da ta rage wa tsohon, in ta tafi sai zaman ƙofar gida.

Tsohon ya ce shi zai gyara da hannunsa.

Ni kuwa gyaran firji nake yi. Robar bakin ƙofa ita ce abincina, na san halinta fiye da yadda na san halin wasu dangina. Amma ba a matsayin gwani aka kira ni ba. Saƙo ya zo cewa in zo in riƙe wa Baba, na kuwa je na durƙusa na gaishe shi, na miƙe na zama mai riƙo.

Aikin ba shi da wuya. A ɓare tsohuwar, a goge ragowar gam da fetur, a fara sa sabuwar daga ƙasa don mahaɗin ya tsaya inda ruwa ba ya sauka, a bi da ita a hankali ana dannawa. Babbar doka ɗaya ce, ba a ja. In aka ja ta, kwana kaɗan za ta koma tsawonta ta bar kafa.

Baba ya ɓare tsohuwar, ya hure wurin da baki, gogewa ta ƙare kenan. Ya fara daga sama, daidai tsakiya. Sannan ya miƙo min ɗaya bakin sabuwar robar.

"Ja, Malam. Ja da kyau. Roba in ba a ja ta ba ai ba ta kamawa."

A ina ya samo wannan ilimi? A wurin 'yan Chinade masu ɗaure buhun gero a bayan mashin. Duk ƙasarmu haka muka san roba, a ja ta sai ta yi kuka. Na buɗe baki, na dubi furfurarsa, na tuna mutumin nan ne ya ba ni 'yarsa, kuma tun da na aure ta ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Sai na ja. Ni da sana'ata, na kafa ƙafa a taya na ja kamar mai jawo guga.

Iyakar jarumtata ita ce na ce, "Baba, ta kuwa jawu sosai."

"Ai haka ake so," in ji shi, ya ɗauka yabo ne.

Da muka zagayo sai ragowar ta kai kamu guda. Ya yanke ya ɗaga ta sama yana murmushi, wai mai shago ya auna da rashin sani. Na ce masa madalla. Har da ƙarin "Allah ya ƙara basira", don dai munafuncin ya cika ma'auni.

A gida na ce wa matata ta je ta gaya masa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ni, 'yarsa ta fari a mata, da ko sunana ba ya kira? Kai da ka ja masa ba ka faɗa ba sai ni?"

Na yi niyyar in lallaɓa in sake aikin. To motar a ƙofar gida take, shi kuma a gindinta yake shimfiɗa dadduma ya yini. Na ce gobe, gobe ta ce jibi. Rana ta yi ta dukan ƙarfe, roba ta yi ta komawa gida. Ranar da zai tafi na je rakiya, na ga kafa a saman ƙofar, yatsu huɗu za su shige. Na ɗaga masa hannu na ce Allah ya kiyaye hanya.

Allah ya kiyaye hanyar. Ruwan la'asar ne ya same shi kafin ya isa Udubo. Bayan kwana uku ya dawo da katifa ɗaure a saman mota, yana tari. Babban ɗansa mutum ne mai cika alkawari, musamman irin wannan. 'Yan gwangwan suka zo da guduma, tsohon ya naɗe daddumarsa ya shige gida tun kafin su fara. Na ji haushin ɗan, na ji haushin ruwan, amma wallahi haushin kaina ya fi.

Bayan kamar wata biyu ya biyo ta shagona, a ƙafa, da sanda. Ina tsakiyar sa wa wani firji roba. Na zabura zan durƙusa, ya ce in ci gaba da aikina. Ya tsaya yana kallon hannuna, yadda na goge wurin tas, yadda nake danna robar da ɗan yatsa, sannu sannu, ba ja ko kaɗan. Na so in ja ta don in rufa wa kaina asiri, hannun ya ƙi.

"Ashe ba a ja," ya ce.

"Ba a ja, Baba."

"Ran nan ma ka sani?"

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmansa. Sannan ya gyara riƙon sandarsa.

"To, Allah ya yi maka albarka, Malam. Kana da ladabi."

Ya juya ya kama hanyar gida a ƙafa.