Alƙalin da Aka Mayar Sito

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Alƙali, shi kuwa aikinsa kula da ɗakin kwamfuta ne kawai. A ɗakin nan ya yi furfura, yana hure ƙurar injuna, yana naɗe wayoyi da salatif. Bai iya wasan ces, wato darar Turawa, sosai ba, amma duk wanda ya rubuta manhajar buga wasan, a gabansa ake gwada ta. Dokarsa ba ta canzawa: kwamfuta ɗaya, lokacin tunani ɗaya, kowa ya riƙe farare ya riƙe baƙaƙe.

Bana manhaja biyu za su kara. Ta shugaban sashe tana bin kowane motsi reshe-reshe, tana sare wanda ba zai kai ko'ina ba, shi ya sa ake ce mata Mai Gatari. Ta wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe kuma sai ta buga wasanni barkatai a cikinta, ta zaɓi motsin da ya fi yawan kai ta ga nasara. Ita ce 'Yar Caca.

Ana gobe baƙi za su zo kallo, shugaban ya leƙo.

"Baba, tawa a sabuwar kwamfuta. Ta yarinyar nan a waccan ta lungu."

"Ranka ya daɗe, waccan ai sai an lallashe ta take tashi."

"Lafiyarta na tambaye ka?"

"In aka yi haka ba dabara aka gwada ba, inji aka gwada."

"To, Farfesa! Sai ka zo ka hau kujerata."

Abin da ya fi ci wa Alƙali rai, ya san Mai Gatari tana iya cinyewa ba tare da maguɗi ba. Ya ma faɗa wa shugaban haka. Mutumin dai ba ya son a bar ko 'yar kafa.

Da safe Alƙali ya ɗora manhajojin biyu a kwamfuta ɗaya. Shugaban bai ɗaga murya ba. Murmushi ya yi wa baƙi, ya karɓe mukullin ɗakin, ya sa wani ya raba manhajojin yadda yake so. Mai Gatari ta ci, aka tafa mata, yarinyar tana tsaye kanta a ƙasa.

Yanzu an mayar da Alƙali sito, cikin karyayyun kujeru. Da ɗalibar ta je ba shi haƙuri, sai ya harare ta.

"Haƙurin me, 'yata? Ke ce kika ji tsoron wasa?"