Ɗigon Bakin Gada

A layinmu na unguwar Kanda, nan birnin Edo na ƙasar mafitar rana, ba wanda bai san Kasuke masassaƙi ba. Mutum ne mai tsoron sanyi kamar kyanwa, kullum yana rungume da kaskon gawayi, amma da sassaƙa zanen ƙanƙara a katakon buga hoto ya ci abinci har ya yi furfura. Ni da nake sayar wa masu buga hoto takarda, ban taɓa ganin mai ƙyamar datti irinsa ba. Ƙanƙara a hoto ai farar takarda ce da aka bari, shi kuwa tasa sai ta fi ta kowa tsabta.

Wata shekara wata tsohuwa, Oriku, ta iso daga yankin Echigo mai yawan ƙanƙara. Ɗanta ya zo koyon zane, zazzaɓi ya kashe shi. Abin da ya bari kawai zanen ƙauyensu ne cikin ƙanƙara, tana so a buga ta raba wa dangi.

Kasuke ya karɓa, ya shafa wa katako kunun shinkafa, ya kifa zanen a kai, ya jiƙa yatsa yana murje bayan takardar don layukan zanen su fito ya bi su da wuƙa. Tsohuwa ta dafe ƙirji. Ashe ba ta san wuƙa na cinye zanen ba! Mu kuwa da muka tashi a ciki, ba wanda ya yi tunanin faɗa mata. Aka yi ta lallashinta cewa takarda ɗaya za ta haifi ɗari. Ta haƙura.

Kai, ya yi aiki. Da aka buga na farko, layi ya taru ana yabo: ga gada, ga rufin ciyawa, ga fili fari fat.

Oriku ta daɗe tana dubawa, ta ɗora yatsa a bakin gadar.

"Ɗan nan, ina nake?"

Kasuke bai gane ba. Ta ce akwai wani ɗan baƙi a nan. Ya ce e, tawada ce ta ɗiga, ya fere ta.

"Ni ce, da itace a baya. Haka ɗana yake hango ni daga taga."

Kasuke ya ce ana iya dasa guntun katako a sake sassaƙawa. Ya ɗauki wuƙa, sai ya tsaya, don bai ko kalli siffar ɗigon ba kafin ya fere shi. Ya durƙusa yana tona ɓawon katakon da ke ƙasa, matarsa ta ce a hankali ai da ɓawon ranar da ya fere ɗigon ta hura wuta.